Na Ɗauka Tafki Ne

Kejetia

Abin da Kumasi ta fara karɓa a hannuna jakata ce. Na sauka a Kejetia, babbar tashar garin, da hantsi bayan kwana uku a hanya, ƙafafuna a kumbure, kaina yana juyawa kamar motar ba ta tsaya ba. Duk inda na waiga akwai mai tahowa da kaya a ka, kuma kowa ya san inda za shi sai ni. Ina neman wanda zan tambaya motar Ayigya, sai wani mutum mai farar riga da tasbaha a hannu ya yi mini sallama da Hausa tsantsa. Ya kira ni ɗan'uwa. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar tare muka tashi. Ya ce in kawo jakar ya rage mini nauyi, tashar tana nan gaba kaɗan. Na bi bayansa tsakanin masu tumatir da masu takalma, wata mai tallan burodi ta gifta tsakaninmu, kuma daga nan ban sake ganin ɗan'uwana ba har yau.

A cikin jakar akwai manyan rigunana biyu, da littattafai, da yajin da matata Rabi ta daka mini. Fasfo da takardun makaranta suna ɗaure a jikina, shi ya sa nake iya ba da labarin ba tare da ɗaci sosai ba.

Shekara tara na yi ina koyar da ilmin halittu da labarin ƙasa a sakandaren garinmu, garin da babban ruwansa shi ne tafkin bayan kasuwa. An ba ni hutun karatu na shekara biyu, da sharaɗi a rubuce: idan ranar ta cika ban tsaya a gaban allo ba, za a ba wani kujerata. Ga ni kuwa ranar farko, tsaye kusa da kwandunan kifi banda, hannu rabbana.

Mai kifin wata dattijuwa ce mai faffaɗan mayafi. Ta daɗe tana kallona kafin ta yi magana.

"Tica ne kai?"

"Yaya aka yi kika sani, Mama?"

"Biro uku a aljihu, kuma an ɗauke maka kaya kana kallo. Zauna nan, kar a ɗauke ka kai ma."

Sunanta Mma Hawa. Mahaifinta ya gangaro da shanu daga ƙasar Nijar bai koma ba, ita kuma a Zango aka haife ta. Da yamma ta sa ni a turoturo, ƙaramar motar hayarsu, ta kai ni gidanta a Ayigya Zango, ta buɗe mini ɗaki a ƙarshen baranda.

Ayigya Zango

Shekarar farko a ajin jami'a ta wuce, kuma ban zauna da gindina ba ko sau ɗaya. Ruwan sama yana sauka a watannin da a wurinmu ko girgije ba a gani. Kiran salla da gangar coci suna shigowa ta taga ɗaya. Mutanen gidan suna Hausa, amma sukan tsallaka zuwa Tonanci, yaren mutanen Kumasi, a tsakiyar magana su bar ni a bakin hanya. Na bar 'yata Ummi a garinmu tana rarrafe, sai a waya na ga ta miƙe. Kullum da safe, kafin in sha koko, sai na ƙirga watannin da suka rage.

A shekara ta biyu aka ba ni aikin bincike. Malamata, wadda kowa ke kira Dakta kawai, mace ce mai gajeriyar magana. Ta ce a Elmina, can bakin teku, akwai wani ruwa da ya ratsa tsakiyar gari, inda kwatocin gari da rafukan tudu suke haɗuwa da teku. A cikin irin wannan ruwa akwai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, dangin gansakuka. Idan suka samu ƙazantar gari suka ƙoshi, sai su hayayyafa cikin 'yan kwanaki har ruwa ya canza launi. Daga nan su mutu, su ruɓe, su cinye iskar da kifi ke shaƙa, a wayi gari kifi yana yawo ciki a sama. Aikina shi ne in je duk mako biyu, in ɗebi ruwa a wurare biyar, in auna gishirinsa da zafinsa da duhunsa, in kawo kwalaben Kumasi cikin kula, akwatin sanyi mai ƙanƙara, in ƙirga tsirran a madubin ɗakin gwaji mai ƙara girman abu. Ana so a san lokacin da suke tashi da abin da ke tayar da su.

Ta miƙo mini takarda mai layuka, ta ce za ta yi tafiyar aiki ta wasu watanni, in cike komai.

Takardar ba ta yi mini kyau ba. Na sayi littafi mai kauri, na ja layukana da rula da jan biro, kamar rajistar aji. Layi ɗaya na bari a baya, wanda ke tambayar ko ruwa yana shiga ne ko yana fita, da ƙarfe nawa. Na duba taswira na ga abin a cikin gari yake, gidaje hagu da dama, har da gada a kansa. Na ce wannan ai tafki ne, layin na masu aikin tsakiyar teku ne. Ni da na zana wata da duniya a allo sau ba adadi, na nuna wa yara yadda wata ke jan ruwan teku ya cika ya janye sau biyu a rana, har na ba da maki a kai. A kaina abin yana zaune ne a shafi na kaza. Ruwan da na sani da idona sau ɗaya yake cika a shekara.

Elmina

Daga Kumasi zuwa can tafiyar rabin yini ce idan hanya ta yi kirki. Wata rana in isa da hantsi, wata rana bayan azahar, ya danganta da lokacin da mota ta cika da yawan tsayawar direba. Warin wurin ne yake fara tarar mutum: kifi, hayaƙi, man inji, da abin da gari ya zubar. Jiragen masunta cunkushe a ƙarƙashin gada, kowanne da tutarsa.

Mai kwalekwalen da aka haɗa ni da shi wani tsoho ne Bafante, Egya Kwesi. Ya yi aikin dako da mutanen Zango a ƙuruciyarsa, ya tsinci Hausa daidai ta ciniki da faɗa. Ranar farko ya dubi ruwan, ya dube ni.

"Ba yanzu, Tica. Ruwa yana shiga. Zauna kaɗan."

Na dubi agogo. Na taɓa kula, ƙanƙara ta fara zufa. Na tuna motar ƙarshe. Sannan na tuna farar riga da tasbaha. Tun daga Kejetia na yanke wa kaina hukunci cewa duk baƙon da ya ce mini "kawo" ko "jira", akwai abin da yake nufi. Na ce a raina tsohon nan so yake ya ja yinin, in rasa mota, ya kai ni masaukin wani ɗan'uwansa.

"Yanzu za mu tafi, Baba."

Ya ɗaga kafaɗa ya tura jirgi.

Haka muka yi sau goma sha huɗu. Wata rana ya ce na makara, wata rana ya ce na yi sammako. Wata rana mu shiga jirgi daga kan dakali, wata rana mu ja shi cikin taɓo har gwiwa. Duk na gani. Idan ruwa ya yi yawa sai in ce an yi ruwan sama a tudu, idan ya ragu in ce rana ce. Sau ɗaya ya jefa ɓawon lemo a ruwa ya nuna mini yadda yake tafiya cikin gari maimakon ya nufi teku. Na ce masa iska ce. Ya ce wani abu da Fantanci, masu gyaran raga a bakin ruwa suka yi dariya, ni kuma na ƙara tabbata cewa na kama shi.

Don auna duhun ruwan, ina zura faifaina mai fari da baƙi ciki har ya ɓace, in auna igiyar. Ina cika kwalabe, in ɗiga musu aidin don kada tsirran su ruɓe, in ruga tasha. A mota kula tana kan cinyata, ruwan ƙanƙara yana bin wandona, ina roƙon Allah kada taya ta fashe. Kwana uku bayan kowace tafiya ina duƙe a kan madubi har wuyana ya ƙage. Halittun kuwa kyawawa ne, in faɗi gaskiya: wasu kamar tsani, wasu kamar kwalbar turare, wasu da ƙaho uku. Abin da ya hana ni sukuni shi ne lissafin. A wuri ɗaya, yau gishiri kamar teku, bayan mako biyu kamar ruwan rijiya. Tsirran yau cunkus, gaba babu. Na zana jadawali ya fito kamar haƙoran zarto. Na gaya wa kaina cewa na gano wani sabon abu.

Ofishin Dakta

Ta dawo saura wata huɗu hutuna ya ƙare. Na ajiye littafin a gabanta ina jiran yabo, ko don rubutun hannu. Ta buɗe shafi uku, ta koma na farko, ta bi kan layukan da yatsa.

"Ina layin shiga da fitar ruwa?"

Na fara bayanin cewa wurin a cikin gari yake. Ta cire tabarau.

"Malam Nuhu, idan teku ya shigo, ruwan teku ka ɗiba. Idan ya fita, ruwan gari ka ɗiba. Wata bakwai kana auna ruwa biyu kana rubuta su a layi ɗaya. Babu wanda ya gaya maka a can?"

Na ce akwai.

Muka bi hotunan wayata muka samo awar wasu tafiye-tafiyen, ta gwada su da jadawalin teku. Huɗu kacal suka faɗa a kan fitar ruwa. Ta ce ba za ta sa hannu a kan wannan ba, kuma ba za ta hana ni tafiya gida ba. Idan ina son aikin, sai in sake daga farko, in ratsa rani in kai ƙarshen damina mai zuwa. Wato in wuce ranar komawata da wata bakwai.

Barandar Mma Hawa

Ban hau mota ba, da ƙafa na koma Zango. Na tarar da Mma Hawa tana zazzage kwando tana ware kifin da ya karye. Shekara talatin tana sayo kifi daga Elmina, kuma ban taɓa tambayarta komai game da wurin ba. Na zauna a bakin baranda na faɗa mata duka, don ba ni da wani wanda zan faɗa wa.

"Nawa ga wata kake zuwa?" ta ce.

"Ɗaya da sha biyar."

"Na wane watan?"

"Na kalanda."

Ta ajiye kifin. "Kai, Tica. Teku ya san kalandarka ne? Watan sama yake bi. Ran da wata ya tsaya da ran da ya cika, ruwa yana zuwa da ƙarfi ya koma da ƙarfi, ya wanke wurin tas. Ran bakwai da ran ashirin da biyu kasala yake yi, dattin gari ya kwanta. Kuma kullum yana makara da kusan awa guda, kamar yaranka na sukuul."

"Wa ya koya miki wannan, Mma?"

"Asara. Ka je sayen kifi wata na fari sosai ka gani, kwando wofi za ka dawo da shi." Ta dube ni ta gefen ido. "Mai jirgin bai faɗa maka ba?"

"Ya faɗa. Na ɗauka cuta ce."

"Wanda ya yi Hausa mai kyau ka ba shi jaka, wanda Hausarsa ta karye ka hana shi kunne. Allah ya kyauta maka." Ta turo mini kifi ɗaya. "Ci. Sannan ka kira matarka tun da rana, kar ka bari ta ji a bakin wani."

Na kira Rabi bayan la'asar. Na yi doguwar shimfiɗa, har da yadda wata ke jan ruwa. Ta bari na gama.

"Malam, wata nawa?"

"Bakwai a kan wa'adi."

"Aikin fa?"

"Zan rubuta musu su ƙara mini."

"Za su ƙara?"

Ina jin Ummi tana buga murfin tukunya a bayanta.

"Idan ka dawo yanzu, me za ka riƙo?" ta ce.

"Littafi mai kyawun layi."

Ba ta yi dariya ba. "Ni ban ce ka zauna ba, ban ce ka taho ba. Amma na san ka. Idan ka dawo haka, shekara ashirin za ka yi kana ba ni labarin ruwan nan a kan tabarma. Ka rubuta takardar."

Na rubuta. Na sake rubutawa bayan wata guda. Ba amsa.

Elmina kuma

Na je da goro da sukari, kamar mai zuwa biko. Egya Kwesi yana zaune a kan jirgin da aka kifar. Na ce masa na yi kuskure, da Hausa, sannan da Turanci, don kada wani ɓangare ya zube a hanya. Ya karɓi goron ya ba na kusa da shi.

"Yau babu kwalba," ya ce. "Yau makaranta."

Ya kafa sanda a taɓo, ya nuna mini wani dutse, ya tafi harkarsa. Na zauna tun hantsi. Na ga ruwa ya lallaɓo ya taɓa gindin sandar, ya hau ta a hankali kamar mai jin kunya, ya tsaya, ya juya. Ledoji da ɓawon rake da suka wuce ni zuwa cikin gari suka dawo suka wuce ni zuwa teku, da baƙin ruwa mai wari a bayansu. Duk mai wucewa sai ya tambayi tsohon me nake yi, shi kuma ya ba da amsa ɗaya, a yi dariya. Daga baya na samu fassarar: "Tica ne, yana maimaita aji."

Daga nan tafiyata ta koma bin watan sama. Dakta ta ba ni jadawalin teku a buge, amma Mma Hawa ce ke tsayawa a ƙofar ɗakina ta ce, "Gobe shida, ka haɗa kwalabenka." Ban taɓa samun saɓani tsakaninsu da ya wuce na kwana ɗaya ba. Nakan tafi ran shida in kwana a gidan matar da ke yi wa Mma bandar kifi, ran bakwai bayan azahar mu bi ruwa yana fita. Haƙoran zarto suka kwanta. Jadawalin ya zama layi mai tafiya a hankali, mai ma'ana, mai gundura.

Ranar komawata ta zo ta wuce ina kan madubi. Duk lokacin da waya ta yi motsi sai in zaro ta in duba. Na daina ƙirga watanni, na koma ƙirga kwanakin shirun da aka yi mini.

Ruwan farko ya sauka kwana biyu a jere, ya kwashe abin da kwatocin Elmina suka tara tun rani ya zuba a wuri ɗaya. Sai rana ta buɗe, mai zafi, babu iska. Ran bakwai ga wata muka tura jirgi. Muna wuce gada Egya Kwesi ya daina tuƙi.

Ruwan ya zama kore, mai kauri kamar miyar kuka. Filafilinsa yana barin layi a kai. A gefen taɓo ƙananan kifaye sun taso suna buɗe baki a sama, wasu sun riga sun juya ciki. Shekara guda da wata uku ina bin wannan abu, kuma a karon farko na san wane ruwa nake kallo, na san ƙarfe nawa ne, na san abin da ya gabace shi mako biyu da suka wuce.

A nan wayar ta yi motsi a aljihuna. Rabi ce ta turo hoton takarda mai hatimi. Layi huɗu ne. An yi nadamar sanar da ni cewa tun da ban koma bakin aiki ba a ranar da aka ɗiba, an cike gurbina. A ƙarƙashin hoton ta rubuta: "Ta zo yau. Mun ci abinci, Ummi lafiya. Ka gama abin da kake yi sannan ka kira."

Na karanta sau biyu. Na ga allon ajina, da tagar da ba ta rufuwa, da wani yana goge rubutuna. Jirgin yana zamewa a hankali zuwa teku, yana kauce wa wurin awo na farko.

"Labari mai kyau?" in ji tsohon.

"A'a, Baba."

Ya jinjina kai, ya dubi sandunan da ke bakin taɓo, ya dubi rana.

"Yi haƙuri, Tica. Amma ruwa yana fita. Saura kaɗan ya juya."

Na sa wayar a ƙarƙashin cinyata. Na buɗe littafin, na rubuta awa a layinta, na ce ya mayar da mu baya tsawon jirgi biyu. Sannan na zura faifan. Bai kai tsawon tafin hannuna ba ya ɓace.